Injunan Masana'anta Suna Hira da Juna, Namu na Lab Kuma Bebaye Ne

Daga wani ɗalibin ND II, Sashen Injiniyan Lantarki

'Yan'uwana ɗalibai, akwai tambayar da nake so kowane ɗan sashen lantarki ya yi wa kansa kafin ya ɗinka rigar bikin kammalawa. In aka ajiye maka PLC guda biyu, da allon taɓawa, da na'urar sarrafa gudun moto, aka ce ka haɗa su su riƙa musayar bayani, ta ina za ka fara? Ku gwada jefa wannan tambayar a ajinku ku gani. Mafi yawanmu murmushi za mu yi mu sosa ƙeya. Ba don ba mu da ƙwaƙwalwa ba, kawai dai ba mu taɓa yi ba ne. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ɗalibin da ya iya rubuta wa PLC umarni amma bai iya sa shi ya yi magana da wata na'ura ba, rabin sana'ar ya koya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda masana'antu suka fi neman mai yi musu. Ya kamata mu cike wannan giɓin tun muna makaranta, kuma akwai abin da ƙungiyar ɗalibai za ta iya yi a kai ba sai ta jira kowa ba.

Saboda wannan mujalla ta kowa ce, har da 'yan akanta da 'yan aikin jarida, bari in ɗan yi bayani. PLC wata kwamfuta ce mai taurin rai da aka ƙera don ta zauna cikin ƙura da zafi da girgizar masana'anta. Tana karɓar labari daga sensa da maɓallai, ta duba umarnin da aka rubuta mata, sannan ta kunna ko ta kashe moto, famfo, bawul da sauransu. Asalinta daga Amurka ne. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin manya-manyan akwatunan rile da sai an kwance wayoyinsu duk lokacin da aka canza samfurin mota. Ƙungiyar injiniyoyin da Dick Morley ke ciki ta amsa da na'urar da aka sa wa suna Modicon 084. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1979, kamfanin Modicon ya fitar da Modbus, wato ƙa'idar da waɗannan na'urori za su bi su yi magana da juna. Ku lura da shekarar nan. Maganar haɗa PLC da PLC ta girmi yawancin iyayenmu a wurin aiki, amma mu har yau kallon sabon abu muke yi mata.

Abin da muke yi a lab

Kowa ya san darasin. A zana tsani, a sa maɓallin kunnawa, a sa na kashewa, a riƙe layin da lambar riƙo, fitila ta kama. Daga nan a yi fitilar kan hanya mai ja da rawaya da kore, a yi cika tanki da ruwa, a yi juya moto gaba da baya. Duk waɗannan suna da kyau, kuma wanda bai iya su ba babu inda zai je. Matsalar ita ce a nan ake tsayawa. PLC ɗaya, kwamfuta ɗaya, kebur ɗaya, kuma galibi wani ya riga ya saita hanyar da ke tsakaninsu tun kafin mu shigo. Mu dai mu danna a tura umarni. Ranar da aka ce kwamfutar ba ta ganin PLC, sai a ce a jira ma'aikacin lab, mu kuma mu koma gefe muna danna waya.

To, a masana'anta ba haka abin yake ba. Ka shiga kowace masana'anta ta zamani a Sharada ko Challawa ko Bompai a Kano, ko Kakuri a Kaduna, balle manyan kamfanonin siminti irin na Obajana da Kalambaina, da wuya ka tarar da PLC yana zaune shi kaɗai kamar maraya. Yana magana da allon da ma'aikaci ke taɓawa. Yana gaya wa VFD gudun da moto zai yi. Yana karanta mitar wuta. Yana aika rahoto zuwa kwamfutar ɗakin kulawa, wadda ake kira SCADA. Layi ɗaya na cika kwalba zai iya ƙunsar injin wanki, injin cikawa, injin rufe murfi da injin manna takarda, kowanne da nasa PLC, wani lokaci ma daga ƙasashe daban-daban aka sayo su. In na gaba ya tsaya bai sanar da na baya ba, kwalabe za su taru su zube. Hirar da ke tsakaninsu ita ke riƙe da layin.

A lokacin SIWES ɗina na ga layi ya tsaya kwana biyu cur a wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba. VFD ne ya ƙone, aka sayo sabo irinsa sak, masu lantarkin wurin suka ɗaura shi tsaf, babu waya ɗaya da ta kauce. Amma moto ya ƙi tashi daga allo. Sai da aka ɗauko injiniya daga Legas, aka biya masa jirgi da otal. Da ya zo bai taɓa sukudireba ba. Ya shiga saitin sabon VFD ɗin, ya canza lambar adireshinsa da saurin maganarsa suka dace da na tsohon, layi ya tashi kafin a kira sallar Azahar. Waɗanda suka ɗaura na'urar gwanaye ne, wallahi sun fi ni sanin wuta nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa nuna musu ba, kuma shi ya ci kuɗin kwana biyu.

Abin ba tsafi ba ne

Dalilin da ya sa abin yake ba ni haushi shi ne ilimin ba mai wuyar gaske ba ne. Bari in nuna muku da Modbus, tunda shi ya fi yawa a ƙananan na'urori.

Ku ɗauka malami ne yake kiran lambobi a aji. Shi kaɗai ke da ikon fara magana. Ya kira lamba bakwai, mai lamba bakwai ya amsa, sauran su yi shiru. Haka Modbus na kan wayar RS-485 yake: na'ura ɗaya ce mai tambaya, sauran masu amsawa ne, kowacce da lambarta daga 1 zuwa 247. In na'ura biyu suka ɗauki lamba ɗaya, za su amsa tare, maganar ta cakuɗe. Sannan dole kowa ya yi magana da sauri ɗaya. In mai tambaya yana kan 9600 mai amsa yana kan 19200, kamar ka yi wa Bature Hausa ne da gudu. Akwai kuma ƙananan saituna biyu, na tantance kuskure da na alamar ƙarshen harafi, su ma dole su zo ɗaya a duk na'urorin.

Ita wayar kanta tana da ladubbanta. Igiya biyu ce a murɗe, A da B, kuma kamfanoni ba su haɗu a kan wacce ce A ba, don haka in komai ya yi daidai amma shiru, juya su na daga cikin abin da ake fara gwadawa. Ana jan ta ne daga na'ura zuwa na'ura kamar carbi, ba a yi mata rassa kamar bishiya. A ƙarshen layi biyu ana sa rizista mai om 120 don kada sigina ya dawo da amsa-kuwwa. In an bi ƙa'ida kuma ba a matsa sauri ba, tana iya kai wa kusan mita 1,200. Amma ka kwantar da ita a bututu ɗaya da kebur ɗin babban moto, za ka ga bayani yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar unguwarmu.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya ji labarinsa tun a aji. Littafin na'ura zai ce maka zafin injin yana rajista mai lamba 40001, amma a cikin saƙon da ke tafiya a waya adireshin wannan rajistar sifili ne. Wasu manhajoji daga ɗaya suke ƙirga, wasu daga sifili. Sakamakon haka sai ka nemi zafi a ba ka matsin iska, lambar ta fito a allo lafiya lau, babu wani gargaɗi, alhali ta maƙwabciyar rajista ce. Wannan ya fi shiru haɗari, don shiru kowa zai gane akwai matsala, amma lambar ƙarya sai ta yi ɓarna ake farga.

Ɓangaren Ethernet ma haka yake. PLC irin S7-1200 na Siemens yana zuwa da ramin kebur irin na kwamfuta a jikinsa, kuma in ka buɗe sabon aiki a manhajar TIA Portal takan ba shi adireshin 192.168.0.1. Ka ɗauki lambobi ukun farko a matsayin sunan unguwa, ta ƙarshe kuma lambar gida, muddin mas ɗin 255.255.255.0 ne. In kwamfutarka tana 192.168.0.10, unguwarku ɗaya, za ku gaisa. In tana 192.168.1.10, kuna unguwa daban, sai da rauta a tsakani. In ka duba ka ga adireshinta ya fara da 169.254, ta nemi mai raba adireshi ne ba ta samu ba, ta laƙa wa kanta. Sannan ka yi tunanin abin da zai faru in mutum biyu suka saita PLC biyu kowa ya bar 192.168.0.1, aka zo aka cusa su a suwic ɗaya. A tsarin Profinet kuma akwai ƙarin abu: na'urorin da ke ƙarƙashin PLC da suna ake gane su, don haka sau da yawa in ka canza wadda ta lalace sai ka raɗa wa sabuwar sunan tsohuwar kafin a karɓe ta.

Ku faɗa mini gaskiya, a cikin abin da na lissafa wanne ne ya fi lissafin da muke yi a darasin da'irar wuta wuya? Babu. Bambancin kawai shi ne wannan sai hannu ya taɓa, an yi kuskure an gyara, sannan yake zama a kai.

Uzurin da ake kawowa

Na farko, za a ce ai wannan aikin 'yan kwamfuta ne. Su kuma 'yan sashen kwamfuta, da suka san sabnet da rauta kamar yunwar cikinsu, in ka nuna musu akwatin da ke da wuta mai layi uku sai su ja da baya su ce wannan na 'yan lantarki ne. Kowa ya tura wa ɗan'uwansa, aikin ya faɗa a tsakiya. Mai masana'anta kuwa babu ruwansa da sunan sashenka. Layinsa ya tsaya, yana son wanda zai tashe shi. Sassan nan biyu ba su fi tafiyar minti kaɗan tsakaninsu ba, amma sai ka gama shekara biyu ba ka taɓa yin aiki ɗaya da ɗan wancan ginin ba.

Na biyu, babu kuɗi, babu kayan aiki. Wannan akwai gaskiya a ciki, PLC na manyan kamfanoni da lasisin manhajarsu suna da tsada, kuma canjin dala bai bar kowa ba. Amma koyon sadarwa bai tsaya a kan sai an sayi Siemens goma ba. Takardun ƙa'idar Modbus kyauta ake sauke su a intanet. OpenPLC manhaja ce ta kyauta da ke mayar da kwamfuta ko Raspberry Pi ko Arduino ta zama PLC, kuma tana jin Modbus. Wireshark kyauta ce, da ita za ka ga saƙon da idonka yana wucewa ta ƙofa mai lamba 502, ka ga tambaya ka ga amsa. Laftof biyu da kebur ɗaya sun isa darasin farko. Ɗan abin da ke juya USB zuwa RS-485, da ƙaramin allon MAX485 da ake maƙala wa Arduino, duka biyun ba su kama ƙafar kuɗin wayar da ke aljihunka ba. Da rashin tayi akan bar arha.

Na uku, za a ce ND tushe ne, a bari sai HND. Wannan shi ne uzurin da na fi girmamawa, don lallai wanda bai iya haɗa sita-delta ba, bai san yadda ake kashe wuta a kulle kafin a taɓa akwati ba, bai kamata ya yi tsalle zuwa adireshin IP ba. Ban ce a rage komai daga tushe ba. Amma mu dubi yadda rayuwarmu take. Bayan ND akwai shekara guda ta aikin masana'anta kafin a nemi HND, kuma dukkanmu mun san waɗanda daga wannan shekarar ba su sake dawowa aji ba, saboda kuɗi ko aure ko nauyin gida. Wato da abin da muka koya a ND za mu fara neman abinci. Manhajar da hukumar NBTE ke tsarawa ma'auni ne na abin da bai kamata a gaza ba. Ban san dokar da ta hana ɗalibai su ƙara wa kansu ilimi a ranar Asabar ba.

Ba masana'anta kaɗai ba

Wani zai ce, masana'antu nawa suka rage a Arewa da za a ɗauke mu? Tambaya ce mai zafi, duk wanda ya bi ta Kakuri ya ga gine-ginen masaƙun da suka mutu ya san haka. Sai dai wannan ilimin ya riga ya fito daga masana'anta ya shigo gari. Ku leƙa bayan inbatar sola ta zamani, da yawansu suna da ramin RS-485, kuma batiran litiyam ta irin wannan hanyar ko ta CAN suke gaya wa inbata yawan cajin da ya rage. Mai haɗa sola da bai iya saita wannan ba zai bar batir mai tsada yana aiki a makance. Allunan sarrafa janareta irin na Deep Sea, da ake gani a bankuna da asibitoci da otal-otal, da yawansu suna jin Modbus. Haka mitocin wuta na manyan gine-gine, da famfunan gidajen ruwa, da injunan casar shinkafa na zamani. Wanda ya iya zama da littafin na'ura ya gano rajistar da yake nema, ya jawo lambar zuwa allo, ba zai rasa mai kiransa ba ko da bai taɓa samun takardar ɗaukar aiki ba.

Haɗawa da tsarewa tare suke tafiya

Akwai ɓangaren da in an koyar da haɗawa ba a koyar da shi ba, an yi aikin banza. Modbus an ƙirƙire shi ne a zamanin da ba a tunanin ɓarawo zai shigo ta waya. Ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya samu hanyar isa gare shi zai iya ba da umarni, na'urar kuma ta bi. A 2010 aka gano Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka ƙera musamman don PLC na Siemens da ke sarrafa injunan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Tana canza gudun injunan har su lalace, alhali allon ma'aikata yana nuna komai lafiya, kuma ta hanyar filas take iya yaɗuwa zuwa kwamfutocin da ba sa kan intanet. A Disambar 2015 kuma masu kutse suka shiga tsarin kamfanonin raba wuta a Yukiren suka buɗe makunnai daga nesa, masu amfani da wuta fiye da 200,000 suka zauna a duhu na sa'o'i.

Ba sai an kai ga yaƙin ƙasa da ƙasa ba. Ya isa a ce wani ya haɗa netwok ɗin injuna da wayafai ɗin ofis don oga ya riƙa ganin rahoto a wayarsa, ko ɗan SIWES ya cusa filas ɗin da ya kwaso finafinai da shi a kwamfutar ɗakin kulawa. Don haka ga ƙannenmu na ND I da za su fita nan gaba: kada ku cusa komai naku a na'urar kamfani ba da izini ba, kada ku canza saiti ba ku rubuta na da ba, kuma kada ku yi gwaji a layin da ke aiki. Kuskure a lab fitila ce ba ta kama ba. A masana'anta kuwa hannun mutum zai iya kasancewa a cikin injin.

Abin da nake roƙo

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da na ƙungiyoyin sassa, buƙatuna uku ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfinku.

Ta farko, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya da muke biya duk shekara a sayi ƙaramin akwatin koyo: suwic ɗaya, kebur, Arduino kaɗan, masu juya USB zuwa RS-485, da mitar wuta ɗaya mai jin Modbus. A rubuta su a littafi, a damƙa wa ma'aikacin lab, a karanta lissafin a taron ƙungiya. In ana samun kuɗin kanofi da kujeru da mai kiɗa a makon ɗalibai, wannan ma za a samu.

Ta biyu, a shirya zaman Asabar sau biyu a wata, 'yan lantarki da 'yan kwamfuta a ɗaki ɗaya. Su koya mana adireshi da sabnet da Wireshark, mu koya musu tsani da rile da yadda ake mutunta wuta. A gayyato tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a masana'antu su zo su ba mu labarin matsalolin da suka ci karo da su. Da yawansu za su zo in an gayyace su da mutunci.

Ta uku, wannan ga malamanmu ne, cikin ladabi. A ba mu dama furojet ɗin ƙarshe ya zama na haɗin gwiwa. Maimakon rukuni biyar kowa ya gina tankinsa shi kaɗai, a kare a gaban malamai, a jefa a sito ƙura ta rufe, a sa wani rukuni ya gina tanki, wani ya gina allon kulawa, wani ya haɗa su, kuma makin kowa ya rataya a kan ko sun yi magana da juna. Abin da aka gina ya zauna a lab, 'yan baya su ɗora a kai.

Mu 'yan ND II saura mana 'yan watanni, wataƙila ba za mu ci moriyar akwatin ba ko da an saya gobe. Amma masu laftof a cikinmu za su iya sauke OpenPLC a daren nan, su nemi aboki ɗaya daga sashen kwamfuta, su ga ko za su iya kunna fitila a wata kwamfuta daga tasu kafin ƙarshen mako. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa abin da muka koya ya amfane mu da iyayenmu.